Ƙafar Goggo da Kalmar Ƙari

Ƙarfe huɗu da minti goma sha bakwai na yammacin Laraba ne komai ya fara lalacewa. Na san lokacin daidai saboda yana nan a wayata, cikin jerin kiran da na yi. Minti uku kacal na yi ina magana da Goggo, ƙanwar babanmu da ke zaune a wani ƙauye na yankin Durun, cikin ƙasar Kabo. A cikin minti ukun nan na furta kalma ɗaya da ta jawo mini tafiyar da zan ba ku labarinta, kuma har yanzu da nake rubutawa raina bai gama sauka ba.

Waɗanda suka daɗe suna karanta abin da nake rubutawa a nan sun san tun hutun da ya wuce nake buga wani gem a tsohuwar kwamfutar da yayanmu ya bar mini. Labarin wani birni ne na can gaba, inda rana ba ta cika fitowa ba, ruwa yana zuba kullum a kan fitilu masu launi, mutane kuma suna sayen sassan jiki kamar yadda muke sayen waya. Mai kuɗi ya sa idon da ke gani ta bayan bango. Talaka ya sayi hannun ƙarfe na gwanjo, wanda yake maƙalewa da zarar caji ya yi ƙasa. Matar da nake juyawa a wasan tsohuwar mai gadi ce da ta farfaɗo a asibiti ta tarar an sauya mata ƙafafu biyu da na ƙarfe. Ni ba na faɗa a ciki sai ya zama dole. Ina laɓewa a bayan akwatuna, ina rarrafe ta bututun iska, ina karanta duk takardar da aka yar a ƙasa. Ina kuma da wani littafi mai jan bango da nake rubuta kalmomin wasan in nema musu Hausa. Kalmar da suke kiran waɗannan sassan jiki da ita, wadda ta fi kowace yawan fitowa, kwana biyu na yi ina juya ta kafin na rubuta mata fassara: ƙari. Ranar na ji daɗin kaina ƙwarai.

Ita kuwa Goggo ciwon suga ne ya ci mata ƙafar hagu, aka yanke daga ƙasan gwiwa bara. Mace ce da ta shekara da shekaru tana tallan nono daga ƙauye zuwa ƙauye kafin gidansu su zauna su kama noma. Yanzu daga ɗaki zuwa tsakar gida sai da sanda biyu ko jan jiki. 'Ya'yanta maza suka kawo ta Kano aka auna dungun, dangi suka haɗa hannu duk da halin da ake ciki, aka yi mata ƙafar roba. Mai haɗa ƙafar ya faɗa mana ƙarara cewa dungu yana ramewa, yana sauya kama. Idan aka ƙara wasu makonni ba ta fara sa ta ba, mazaunin da dungun zai shiga ba zai kama ba, aikin ya tashi a banza. Kowa a cikinmu ya san ba za a iya haɗa ta biyu ba.

To, ran Laraba aka ce in kira ta in yi mata albishir. Ni da ba na iya magana a waya sai na tsara abin da zan faɗa tukuna, na gaishe ta, na ce, "Goggo, ƙarin da za a yi miki ya kammala." Ta ce, "Ƙari?" Na ce e, har da ƙarin bayani. Washegari babban ɗanta ya kira babanmu ya ce Goggo ta ce ba za ta sa ba.

Mun tashi da asuba ranar Asabar, ni da yayata, ƙafar tana cikin jakar ganamasgo, na naɗe ta da tsohon zani. Mai haɗa ƙafar mutumin Filato ne. A Kano yake aiki, amma iyalinsa suna Gwarzo inda matarsa take koyarwa, kuma ya yarda idan muka kai masa Goggo can ranar Asabar zai gwada mata ya daidaita. Shirin ke nan: mu lallashe ta a Durun, mu kai ta Gwarzo, mu dawo da ita tana taka ƙasa. Na saka kwamfutar a jakar baya da sunan zan yi karatun jarrabawa. Yayata ta dube ni ta ce, "Karatun harbe-harbe ko, uwar littattafai?"

A tasha muka fara ganin abin da zai biyo baya. Tun da aka cire tallafin mai kuɗin mota ya ninka ya sake ninkawa, kuma mota ba ta tashi sai ta cika har ta tumbatsa. Mata huɗu aka cusa mu a baya, maza biyu a gaba suna zaune a kan juna, don dai kar a ce an haɗa maza da mata a kujera ɗaya. Ba ni da ja da wannan. Abin da nake da ja da shi shi ne direban ya ɗaga jakarmu ya ce kaya ne, sai an biya mata daban, alhali buhun albasar mutumin gaba ya shiga but ba wanda ya ce uffan. Yayata ta ce ai a cinya za mu riƙe. Haka na yi tafiyar da jakar baya a ƙirji, ƙafar Goggo a cinya, gwiwar wata baiwar Allah a haƙarƙarina.

Hanyar dai tana da kyawun gani, in faɗi gaskiya. Damina ta zauna, dawa ta fi mutum tsayi, masara ta fara bunƙasa, daga Rimin Gado zuwa gaba duk inda ka duba kore ne shar. Allunan zikiri da aka kakkafa a bakin titi wasu sun koɗe, wasu 'yan siyasa sun manna fuskokinsu a kai. Direbanmu duk gangaren da ya samu sai ya kashe mota ya bar ta tana gangarawa don ya rage shan mai, mu kuma mu yi tsit muna jin ƙarar taya kawai. A wani wurin ya tsaya ya sayi mai a galan, ya ɗaga kwalbar yana dubawa a rana kamar mai sayen zuma. Ba wanda ya yi dariya. Kowa ya san me ya sa.

A Kabo muka sauka don mu hau babur zuwa ƙauyen. A nan ne abin da ya fi ƙona mini rai ya faru. Ɗan acaɓa ya fizgi jakar zai ɗaure ta a tanki, zik ɗin ya ɓalle, zanin ya zame, tafin ƙafar ya leƙo waje. Wata mai awara da ke gefe ta dafe ƙirji ta kwarma ihu, "Innalillahi! Ƙafar mutum! Jama'a, ƙafar mutum a jaka!"

Kafin in haɗiye yawu an kewaye mu. Wani yana cewa matsafa ne, wani yana cewa ai yanzu da hijabi suke yawo, wani daga baya da bai ga komai ba ya fi kowa ɗaga murya. Ni kuwa na tsaya riƙe da hannun jakar, bakina ya ƙi buɗuwa. A gem ɗin nan, idan mutum ya tare ki da mugun nufi, komai yana tsayawa cak, a jera miki amsoshi huɗu, ki karanta su a tsanake ki zaɓi wadda za ta kwantar masa da hankali. Na ƙware a wannan. Na taɓa sa wani shugaban 'yan daba ya ajiye bindiga da magana kawai. A tashar Kabo babu abin da ya tsaya. Yayata ce ta zaro ƙafar gaba ɗaya ta ɗaga ta sama kamar mai gwanjo, ta ƙwanƙwasa ta da makulli, ta ce, "Roba ce, malamai! Ƙafar goggonmu ce da aka yanke wa! Wanda bai yarda ba ya zo ya ciza!" Aka fashe da dariya, aka fara ba mu haƙuri, mai awarar har da miƙo mana guda uku a takarda. Yayata ta karɓa ta ci. Ni ban ci ba. Mutanen da suke shirin jifanmu minti ɗaya da ya wuce su ne yanzu suke cewa Allah ya ba ta lafiya, kuma ba wanda ya ji kunya a cikinsu.

Hanyar ƙauyen laka ce da kududdufai. Sau biyu muka sauka muka taka da ƙafa, silifana ya tsinke a na biyun. Wajen ƙarfe goma muka yi sallama a gidan.

Goggo tana zaune a tabarma a ƙarƙashin rumfa, ta rufe dungun da gefen zani. An daɗe ana gaisawa: gida, gajiya, damina, Kano, mutanen Kano, karatu, sannan a koma gida kuma. Ta sa surukarta ta dama mana fura. Ba ta kalli jakar ba ko sau ɗaya. Sai da maƙwabciyarta ta shigo, wata dattijuwa mai carbi a wuya da ke zuwa islamiyyar matan aure, sannan na gane inda gizo yake saƙar. Ashe ranar Laraba tana zaune a wurin da na yi waya. Da Goggo ta maimaita kalmar, sai ita kuma ta ce ai sun karanta a makaranta cewa ƙari haramun ne, an tsine wa mai yin sa da wadda aka yi wa. Ƙarin gashi aka karantar da su. Ita ta ɗauke shi ta ɗora a kan ƙafa.

Ta sake maimaita mana shi a gabanmu, tana kaɗa carbi. "Ni dai ba ruwana, 'yan nan. Yarinyar nan da bakinta ta ce ƙari. Ko ba ke ba ce?"

Na ce ni ce.

"To, kun ji."

Na ji kamar in nutse. Kwana biyu ina juya kalma a ɗaki, na duba ƙamus biyu, amma ban tuna ba cewa a kunnen mace ƙari gashi ne na kanti, a kunnen marar lafiya kuma ƙari shi ne abin da likita yake gani a hoton ciki ya yi shiru. Wanda na sani kawai shi ne na littafina mai jan bango. Haushin matar ya cika ni, amma haushin kaina ya fi.

Babban ɗan Goggo ya dawo daga gona ya tsaya a kanmu da fartanya a kafaɗa. Ya yi ta faɗa: an sha wahala, an kai ta birni, an tashi dangi tsaye, yanzu a ce maganar mata za ta rushe komai. Maƙwabciya ta ce ba maganar mata ba ce, maganar addini ce. Yayata ta shiga. Surukar ta shiga. Kowa yana cewa "ita", "ita", ita kuwa tana zaune a tsakiyarsu tana korar ƙuda daga bakin ƙwarya. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ku sha furarku, za ta tsinke."

Yayata ce ta kawo shawara. Goggo a Unguwar Tudu ta ƙasar Gwarzo ta tashi, kuma akwai wata tsohuwar malama a can da ta koya mata sallah tun tana yarinya, wadda ko maƙwabciyar ba za ta musa wa ba. Tunda dole mu je Gwarzo mu ba mai haɗa ƙafar haƙuri, sai mu biya mu tambayo. Aka ɗinke mini silifa da zare, muka sake ɗaukar jakar, wannan karon na ɗaure bakinta da igiya kulli uku.

Gwarzo ta cika da rana tsaka. Masu gurasa sun jera a bakin hanya, amma gurasar ta ƙanƙance har tausayi take ba ni, kamar an wanke ta ta shige. Mun ci ɗaya-ɗaya da ƙuli da ɗan mai, muka sha ruwan leda mai ɗumi don ba wuta a garin tun shekaranjiya, in ji mai shagon. Mai haɗa ƙafar yana jiranmu tun safe, ya shimfiɗa kayan aikinsa a baranda, har ya aro kujera mai hannu don Goggo. Da ya ga mu biyu ne da jaka, sai ya cire tabarau ya goge. Matarsa ta kawo mana kunun zaƙi tana ta yi mana sannu, Hausarta ta fi tawa daɗi. Na yi masa bayani kaina a ƙasa. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ce gobe da yamma zai koma Kano, sai kuma bayan mako biyu, kuma shi ba zai yi mana alkawarin mazaunin zai kama a lokacin ba. "'Yar makaranta," in ji shi, "ni roba na iya gyarawa. Sauran naku ne."

Unguwar Tudu ba nisa, amma ɗan acaɓan ya caje mu kamar Katsina za mu. Malamar tsohuwa ce tukuf, kunnenta ɗaya ya yi nauyi, tana zaune a buzu ana tsince mata wake. Muka gaishe ta muka faɗi daga inda muke, ta tambayi Goggo da sunan yarinta, ta yi kuka kaɗan da ta ji an yanke mata ƙafa. Na kunna wayata don in naɗi maganarta, na karanta mata tambayar da na rubuta a mota. Ta ce in ɗaga murya. Na sake. Ta ce a miƙo mata ƙafar. Ta juya ta, ta shafa, ta ƙwanƙwasa, sannan ta yi dariya har haƙorinta na Makka ya fito.

"Wace mai wayon ce ta ce wannan ƙari ne?"

Yayata ta nuna ni da baki.

"Ke, ƙari a kan cikakken abu ake yin sa. Mace tana da gashinta ta je ta ɗauko na wata ta ɗora don a ce nata ne, wannan ruɗi ne. Ita wa za ta ruɗa da ƙafar roba? Abu ya tafi, an cike gurbinsa don baiwar Allah ta je banɗaki da kanta. Wannan tabaran da ke idona, shi ma ƙari ne?" Ta yi bayanin alwala, yadda za ta wanke mai lafiyar, da cewa inda aka yanke an ɗauke mata. Na rubuta komai. Da za mu tafi ta riƙe hannuna ta ce, "Boko ya yi, 'yar nan, amma kafin ki ba tsohuwa kalma, ki fara jin yadda take sauka a kunnenta." Na ce to. Raina ya sosu, don gaskiya ta faɗa.

Bayan la'asar muka koma Durun, ina jin kamar na ci wani babban mataki a gem. Aka taru a rumfar, aka kira maƙwabciya, na kunna muryar malama har sau biyu. Maƙwabciyar ta ce ita dai abin da ta ji ta faɗa, Allah ya yafe mana baki ɗaya, ta tattara carbinta ta fita. Babban ɗan ya ce alhamdulillahi, gobe da sassafe zai nemo mota. Goggo ta saurara har ƙarshe, ta share ido da ta ji muryar malamarta, ta ce, "Na ji. Allah ya ƙara mata lafiya." Sannan ta ce, "Amma ba gobe ba."

"To yaushe, Inna?" in ji ɗanta.

"Ba gobe ba dai."

Ya jefar da hularsa a ƙasa ya fice. Yayata ta ce ita ta gaji, ta shiga ɗaki. Ni na zauna ina kallon jakar da na yi yini ina ɗauka, an kusa jifana saboda ita, na yi Kabo na yi Gwarzo na yi Unguwar Tudu da tsinkakken silifa, na kawo hujja a naɗe a waya, a ce mini ba gobe ba. Ban taɓa jin haushin babba irin na ranar ba. A can muka kwana.

Da hantsi ranar Lahadi na karɓo kwamfutar daga shagon mai sola inda na kai ta caji. Batirinta ba ya wuce minti arba'in idan gem ake bugawa. Maza sun tafi gona, yayata tana taya surukar wanke-wanke. Na zauna a ƙarshen rumfar na juya wa kowa baya na kunna. Wata uku ina wasan nan ban kashe ko mutum ɗaya ba, ina alfahari da hakan. Ran nan na shiga wata ma'ajiyar kaya ta ƙofar gaba, na harbe duk wanda ya motsa. Ban karanta takarda ko ɗaya ba. Da na gama ban ji sauƙin komai ba.

Kuɗin wasan da na tara a faɗan ya isa a ƙara wa matar ƙarfin ƙafa, sai na kai ta asibitin cikin wasan. Ina cikin duba jerin sassan na ji numfashi a kafaɗata. Goggo ce ta jawo jiki tun daga tabarmarta har inda nake, ban ji ta ba.

"Wannan 'yar fa, me ya sami ƙafafunta?"

Na ce hatsari ta yi, aka sa mata na ƙarfe.

"Tana gudu da su?"

Na ce har tsalle take yi daga bene zuwa bene.

"Ikon Allah. Mijinta bai hana ba?"

Na ce ba ta da miji. Ta ce shi ya sa. Na zaɓi abin da zan sa mata na danna, sai ɗan akwatin rubutun nan da yake fitowa kullum ya fito. Na kai hannu zan wuce shi kamar yadda na saba, Goggo ta riƙe mini hannu.

"Tsaya. Me ya ce?"

Na ce tambaya yake yi. Yana cewa idan an sa ba a cirewa, na amince ko ban amince ba.

"Kowane lokaci yake tambaya?"

Na ce kowane lokaci.

Ta saki hannuna. Ta daɗe tana kallon akwatin. Sannan ta ce, "Ashe har na'ura ta san a tambayi mutum."

Ban danna komai ba. Na fara lissafi a zuci, irin wanda na iya. Ranar da za a yanke, ɗanta ne ya sa hannu a takarda. Ranar awo ina wurin, na ga maza uku suna magana da mai haɗa ƙafar a kan tsayi da nauyi, ita tana kwance tana kallon silin. Ranar Laraba ni na kira na sanar da ita an gama. Jiya na je har wata ƙaramar hukuma na tambayi wata tsohuwa ko ya halatta. Na tambayi ƙamus, na tambayi malama, na tambayi mai roba. Ina wannan tunanin batirin ya mutu, fuskar kwamfutar ta yi baƙi, na ga fuskata da tata a ciki.

Babu amsoshi huɗu da aka jera mini. Na ce, "Goggo, ke kina son ƙafar nan?"

Ta kalli jakar, karon farko tun zuwanmu. Ta ce, "Kwance igiyar nan ki kai mini ita ɗaki. Ku kuma ku kama hanya kafin hadarin nan ya haɗu, gobe kina da makaranta."

Haka muka taho ba ƙafa, ba amsa. Na kira mai haɗa ƙafar daga Kabo na ce kar ya jira mu. Mai awarar ta gane mu ta ɗaga mana hannu, ni na kau da kai. Ruwa ya kama mu bayan Rimin Gado, motar tana yoyo ta gefen da nake, direban yana goge gilashi da tsumma don abin sharewar ya lalace. Yayata ta yi barci a kafaɗata. Mun shiga gida ana kiran magariba, babanmu ya tambaya, na ce masa ban sani ba, kuma gaskiyar ke nan.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa, kuma bai rage mini haushi ba. Har yanzu ina jin haushin direban, da mutanen tasha, da matar da ta ɗauki karatun gashi ta ɗora a kan ƙafa. Na soke kalmar ƙari a littafina, ban kuma sami wadda zan sa a madadinta ba. Amma na gane kalmar tawa ba ita ta hana Goggo ba. Ƙofa kawai ta buɗe mata ta faɗi a'a, a cikin al'amarin da tun farkonsa ba wanda ya ba ta wurin cewa e. Wata uku ina tausayin wata mata ta cikin kwamfuta da aka sauya wa ƙafafu ba da saninta ba, tawa Goggon kuma na ɗauki tata a cinya na kai mata kamar saƙo.

Litinin da hantsi, ina fitowa daga aji, wayata ta yi ƙara. Lambar surukar Goggo ce, amma muryar Goggon ce. Ba ta bari mun gama gaisuwa ba, abin da ban taɓa jin ta yi ba.

"Ke, kin tambaye ni jiya. To, ina so. Na rufe ƙofa na gwada ta ni kaɗai, har na miƙe da sanda ɗaya. Amma duk cikinku ba wanda ya dubi yatsunta? A manne suke, ba inda silifa zai shiga. Ni da girmana ba zan shiga gidan suna da kambas kamar ɗan firamare ba. Ki gaya wa mutumin naku ya tsaga mini tsakanin babban yatsa da na kusa da shi. In ya tsaga, ku zo ku ɗauke ni."